Goje Ya Manta Da Tafiya

A Banga masu suna Mamuda suna da yawa, har akan yi gardama a kan wanda ake nufi. Amma da an ce Mamuda mai huɗa, gardama ta ƙare. Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, garma ta lanƙwasa masa kafaɗu tun yana saurayi. Ko masallaci zai je, tafe yake da hannuwa a gaba kamar yana riƙe da wani abin da sauran jama'a ba sa gani. Ubansa ne ya ɗora masa hannu a kan garma tun bai kai tsawon da zai hango abin da ke gaban shanu ba, daga nan kuma bai sake koyon wata sana'a ba. An taɓa gwada shi da ciniki. Aka ba shi akuya ya kai kasuwar Kaura Namoda, da yamma sai ga shi da ita, wai mai sayen ya ja mata kunne da mugunta.

Da mutane ba shi da yawan magana. Gaisuwa, amin, sai kuma "to, madalla". Da shanu kuwa bakinsa ba ya hutawa. Matarsa Kulsumu takan ce duk ranar da take son sanin abin da ke ran mijinta, sai ta ɗauki tsintsiya ta je shara kusa da turke. A can za ta ji komai, har ra'ayinsa a kan miyar jiya.

Shanun huɗarsa biyu ne: Duna, baƙi mai zafin kai, da Goje, fari mai gajeren ƙaho da tozo kamar tulu. Da su yake huɗe gonarsa, da su yake huɗe ta mutane. Abin da gidan ke ci daga damina zuwa damina, daga wuyan shanun nan yake fitowa.

Bara, bayan an gama kai dawa rumbu, mutanen daji suka zo da rana tsaka a kan babura, suka kora duk dabbar da ke kiwo a bayan gari. Duna yana ciki. Goje ya tsira ne don ƙaya ta soke shi a kofato, an bar shi gida yana jinya. Mamuda bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya dai zauna kusa da turken Duna har rana ta faɗi, yana kwance igiyar yana sake ɗaurawa.

Kowa a garin ya san mutanen nan ba sa zuwa a makance. Akwai mai gaya musu gidan da ke da sa da gidan da rumbu ya cika, kuma mai gaya musun a sahu ɗaya yake sallah da kowa. Masu sauran shanu suka yi ta kai su kasuwa. Mamuda ya ce shi ma zai kai. Kasuwa ta ci ta tashi, ta sake ci, yana cewa zai kai.

A ƙarshe sai ya buɗe ɗakin Inna, mahaifiyarsa, wanda ke rufe tun rasuwarta. Ya fitar da gadon kara da tsoffin ƙore, ya kafa turke a tsakiya, ya shigar da Goje. Igiyar ya gajarta ta sosai, don kada san ya juya ya kai wa bango ƙaho. Tsayuwa da kwanciya, iyakar abin da ɗakin ya yarda da shi ke nan. Washegari bayan sallar azahar ya sanar da mutane cewa ya sayar da sansa. Ƙaryar farko ce da ya yi da girmansa, ta kuwa fito a karkace, domin ba wanda ya tambaye shi.

Tsoronsa kukan Goje ne. Sa in ya yi kuka sau ɗaya, unguwa ta ji. Don haka ya ƙudura cewa bakin Goje ba zai taɓa zama ba komai a ciki ba. Harawa, dusa, ƙaiƙayi, ruwan kanwa, har ɗumamen da ya ragu. Kashi kuma Kulsumu ke kwashewa a bokiti, ta rufe da tsumma ta kai bayan gida. Maƙwabta sun ji wari, amma duk suka yi kamar mura ta kama su lokaci ɗaya.

"Malam," Kulsumu kan ce, "angonka ya ci, ya sha, an share mashi ɗaki. Lalle kaɗai ya rage a sa mashi."

"Rage murya, Kulsumu."

"In rage murya a gidana don sa?"

Haka rani ya wuce. Mamuda ya daina zuwa ko'ina. Ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin, nan yake wuni, yana ba Goje labarin gari ta kafar ƙyaure. Goje kuwa ya yi tumbi, wuya ya yi kitse, gashi yana sheƙi ko a cikin duhu. Duk sanda Mamuda ya leƙa sai ransa ya yi fari. A ganinsa ƙarfi yake tarawa, kamar yadda ake tara hatsi, ranar buƙata a ɗiba.

Da ruwan farko ya sauka, ya tafi wurin Jaji. Jaji Bafulatani ne mazaunin gefen gari, manomi kuma makiyayi, tare suka yi wasan ƙasa da Mamuda. Shi ma garkensa ya tafi a waccan ranar, jan sa ɗaya ya rage masa. Gidansa na zana ne, ko zakara ba zai ɓoyu a ciki ba, don haka duk ranin nan a hannu ya yi kiwon san, yana janye da shi daga wannan juji zuwa wancan kamar akuya, sauran ya bar wa Allah. Suka shirya za su haɗa shanun a karkiya ɗaya, a huɗe gonar wannan, a huɗe ta wancan.

Fitar da Goje ma sai da aka sassare gefen ƙofa da gatari. Ya fito tsakar gida yana ƙifta ido, ƙafafu a wawware, kofatai sun yi tsawo sun lanƙwashe sama kamar tsohon takalmi. Ya taka ɗaya, ya tsaya yana tunani, kamar wanda aka sauke daga kwalekwale.

"Dubi jiki, Jaji," in ji Mamuda. "Ka taɓa ganinai haka?"

Jaji ya zagaya san, ya tsaya ta baya ya daɗe.

"Kai Kaɗo, wanga sa na ko buhun gero?"

"Hassada ta, Ɗan Fulani. Naka kamar an shanya riga bisa kara."

"Nama kam akwai," in ji Jaji. "Mahauci zai yi murna."

Gonar Mamuda ta kusa tana nan daf da bayan gari. Ta nesa an daina zancenta, ba mai zuwa can yanzu. Kafin su isa, Goje yana huci. Aka ɗora karkiya, Mamuda ya kafa garma, ya yi bisimilla, ya yi musu irin kiran da ya saba. Jan sa ya ja. Goje ma ya ja, don bai manta aikinsa ba, zuciyarsa tana nan. Ƙasa ta fara kifewa, ƙanshinta ya taso. Ba su kai tsakiyar kunyar farko ba ƙafafun bayansa suka kama rawa. Ya ƙara yunƙurawa, sai ya durƙushe, ya kife a gefe, karkiya ta murɗe wuyan jan sa har ya yi ƙara.

Mamuda bai taɓa dukan sa ba. Ranar ya ɗaga tsumagiya. Ta tsaya a sama, sannan ya sake ta ta faɗi. Ya durƙusa ya rungumi kan Goje yana cewa, "Tashi mana. Tashi, mutane na kallo."

Suna kuwa kallo. Duk masu shuka a gonakin gefe sun dogara da sungumi sun zuba ido. Ga san da aka sayar kwance a fili, kowa ya gani, ga shi kuma bai iya jan garma ba.

Da ƙyar aka lallaɓa shi gida. Washegari cinyar hagu ta kumbura, ya ƙi tashi. Kulsumu ba ta yi shawara da kowa ba, ta kira ƙanenta Muhtari a waya. Muhtari malamin dabbobi ne a Kaura Namoda, kuma tun yana ɗan makaranta yake tsokanar mijin yayarsa. Ya iso da hantsi a kan babur, da jakarsa a baya.

"Ina majinyacin? Au, Yaya Mamuda, ashe wanda ya sayi san nan gidanka ya bar shi? Mutumin kirki."

"Duba abin da ya kawo ka."

Muhtari ya duba. Ya lanƙwasa ƙafa, ya miƙe ta, ya latsa nan ya latsa can. Ya ce ba karaya. Sannan ya kamo hannun Mamuda ya ɗora a kan cinyar da ba ta kumbura ba.

"Matsa nan. Mi ka ji?"

Mamuda ya matsa. Yatsunsa suka nutse. Wurin da ya sani da tauri kamar gindin gawo ya koma laushi, a ƙarƙashi kuma ƙashi ne kawai.

"Kitse ka tara mashi, tsoka ta zube," in ji Muhtari. Wasan ya bar muryarsa. "Tsoka ba ta ajiyuwa, Yaya. In ba ta aiki, jiki janye ta yake yi. Masu bincike sun gwada abin nan da ɓeraye. Sukan ɗaure wa ɓera ƙafa guda yadda ba za ta motsa ba, abinci kuwa ba a rage mashi. In an kwance, sai a tarar ƙafar ta rame, ƙarfinta ya tafi. In aka ɗora mata aiki mai nauyi nan take, sai ta ji rauni ta ciki, ta kumbura, kamar yadda ka yi jiya. In kuma aka bar shi kwance, dawowar sai ta yi nawa. Waɗanda aka riƙa motsa su kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, su suka fi maida jiki."

Mamuda ya dube shi.

"Yanzu duk karatun da anka yi maka, na ɗaurin ƙafar kusu na?"

"Ba ni na ɗaure ba."

"Mu nan mai kashe muna su muke nema, ashe can jinyarsu ake. To, sai ka yi mashi allura."

"Ta kumburi zan yi. Ta tsoka babu. Tafiya ce maganin."

Ya yanke kofatan, ya yi allurar, ya faɗi yadda za a yi. A bari kumburi ya sauka. Sannan tafiya, kaɗan, kullum. Da an ga cinya ta fara rawa a tsaya, ko da an ji kamar zai iya ƙari. In tafiya ta zauna, a ɗaura masa abu mara nauyi ya ja.

"Zai kai ga huɗar bana?"

Muhtari ya sosa ƙeya. "Na ɓera na karanta, Yaya, ban karanta na sa ba. Abin da na sani, dawowa ta fi zubewa wuya. Wani ma ba ya komawa yadda yake. In da ni ne..." Ya dubi yayarsa, ya dubi ƙasa. "Yanzu yana da kitse. Mahauta za su so shi."

Goje ya ci gaba da tuƙa.

Shukar bana da sungumi aka yi ta, a kan tsoffin kunyoyi. Wannan ba komai, an saba. Amma dawa tana son a tayar mata da ƙasa idan ta taso, in ba haka ba ciyawa ta shaƙe ta, iska ta kwantar da ita. Huɗar nan kuma tana da lokacinta. Da zarar dawa ta wuce ƙugun mutum, shanu ba sa shiga, karkiya kakkarya ta take yi. Mamuda ya san abin da ke gabansa ke nan: cinyar Goje ta cika kafin dawa ta yi tsawo. Dawa kuwa ruwa take samu yadda take so.

Da kumburi ya sauka suka fara zagaya rumbu a tsakar gida. Gidan Mamuda ba fili gare shi ba. Kafin Goje ya miƙe jiki an zo kwana, kafin ya gama kwana an zo wata. Kaji suka rasa wurin kiwo, randa guda ta fashe, san da mai san duk jiri ya ɗebe su. Mamuda ya gane wannan ba tafiya ba ce. Sai an fita.

Ranar da ya faɗa, Kulsumu ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Malam, zauna mu yi magana."

Ya zauna.

"Ran da mutanen daji sunka shiga gidan su Mardiyya, sa sunka zo ɗauka. Da za su tafi, da mijinta sunka tafi. Ka ga ya dawo?"

"Allah shi maido shi."

"Amin. Kai kuma za ka riƙa yawo da wanga cikin gari kullum, kamar mai talla. Ka kai shi ga mahauta tun da sauran kitse. Sa ana sake samu."

"In huɗa da mi?"

"In kana daji ɗaure, da mi za ka huɗa?"

Gaskiya ta faɗa, ya sani. Ya daɗe yana kallon turmi. Sannan ya ce, a hankali, ba ita yake kallo ba, "Ni na ɗaure shi, Kulsumu. Da ƙafafunai ya shiga ɗakin nan."

Washegari da hantsi ya ɗauki igiya. Ba ta yi masa a dawo lafiya ba. Amma da suka dawo sun tarar da ruwan kanwa a kwatarniya, an rufe da faifai.

Mutanen Banga sun ga abubuwa da yawa a shekarun nan, amma ba su taɓa ganin dattijo yana yawo da sa ba gona ba, ba mashaya ba, ba kasuwa ba. Daga ƙofar gida zuwa gindin dalbejiyar masallaci, a tsaya, a huta, a juyo. Masu zaman rumfar mai shayi suka samu abin yi.

"Mamuda, ina zuwa?"

"Nan."

"Daga ina?"

"Nan."

"Ba wanga ne ka sayar ba?"

"Aro anka ba ni."

Sai dariya ta tashi, shi ma yakan ɗan murmusa. Amma murmushin ba ya kaiwa ciki. Da can duk wanda ya gaishe shi, gaisuwa ce kawai. Yanzu in mutum ya ce "jiki ya yi kyau", sai ya yi ta juya maganar har gida. In ya ga wani ya ciro waya bayan sun wuce, sai ya yi ta waiwaye. Mutumin da bai taɓa zargin kowa ba, ya wayi gari yana zargin mai kiran sallah. Wannan ya fi komai ci masa rai, kuma Goje kaɗai ya gaya wa.

Wani abin da bai zata ba, shi ma ƙafafunsa sun tafi. Wanda yakan wuni bayan garma, yanzu kafin dalbejiya yana neman abin dafawa. Jaji ya same su wata safiya, sa yana huci, mai sa yana huci.

"Cikinku wa ke jan wani?"

"Wuce ka ba mu wuri."

Jaji bai wuce ba. Ya karɓi igiyar, ya rage tafiyarsa daidai da tasu. Daga ranar kusan kullum tare suke yi. Ba a daɗe ba wani ya ja Mamuda gefe bayan sallah, ya ce ya yi hankali, ya tambayi kansa dalilin da ya sa jan san Jaji ya yi rani a fili ba a taɓa shi ba. Maganar ta kai kunnen Jaji, don a Banga magana ba ta kwana wuri ɗaya. Ya zo ya tsaya a ƙofar gida, bai shigo ba.

"In zuwana na jawo maka magana, sai in bari."

"Garkenka nawa ya rage?"

"Ka sani."

"To, kama igiya. Rana na yi."

A hankali dalbejiya ta zama kusa. Suka wuce ta zuwa rijiya, daga rijiya zuwa bakin kasuwa. Tumbin ya fara sauka. Ranar da Goje ya yi tafiyar duka bai tsaya ba, daɗi ya kwashi Mamuda, ya ɗaura masa guntun kututture ya ce a gwada. Da yamma san yana ɗingishi. Muhtari ya yi faɗa a waya har Kulsumu ta nisanta ta daga kunne. Aka koma baya, aka yi kwanaki ana jiran ƙafa, dawa kuma ba ta jira kowa ba. Da aka dawo, reshen ƙaya ya fara ja, sannan tsohuwar tayar mota, sannan tayar da yashi a ciki. Yara suna bin su suna roƙon a ɗauke su.

Kowace safiya Mamuda kan matsa cinyar nan da yatsu. Kowace yamma yakan je gona ya tsaya a cikin dawa. Ta kai ƙwauri. Ta kai gwiwa. Cinyar ta fara tauri, amma ba irin na da ba. Da dawa ta fara shafar cinyarsa shi kansa, ya ce da Jaji gobe za su shiga, ko an shirya ko ba a shirya ba.

Suka ɗora karkiya da sanyin safiya. Mamuda bai kafa garmar da zurfi ba. Jaji ya tsaya a gaba yana danne jan sansa don kada ya fizga. Aka yi kira. Goje ya sunkuyar da kai, ya ja. Ya wuce inda ya faɗi wancan karon. Ya kai ƙarshen kunya, ya juyo, ya kama ta biyu. Mamuda bai ce komai ba, ko da shanun. Idonsa na kan cinyar hagu.

Ba su yi nisa ba ta fara rawa.

"Ɗaya dai," in ji zuciyarsa. Ga ƙasa da laima, ga rana ba ta yi zafi ba, ga gona shimfiɗe tana jira. A duk rayuwarsa bai taɓa kwance shanu da hantsi ba. Ya tsaya da garma a hannu har Jaji ya waiwayo.

"Kwance su," in ji Mamuda.

Haka suka riƙa yi. Yau gonarsa, gobe ta Jaji, kowace rana ana ɗan ƙarawa. Aikin da a da yake gamawa kafin azahar, yanzu ya zama na mako da mako. Masu kiransa huɗa sun nemi wasu, waɗanda ba su samu ba sun koma ga fartanya.

Wata safiya suna tsakiyar kunya, babur ya tsaya a bakin hanya, ƙarƙashin tsamiya. Mutum biyu ne, sun naɗe fuska da rawani. Ba su yi sallama ba, ba su kashe injin ba. Suka kalli shanun, suka kalli masu shanun, suka daɗe, sannan suka juya ta hanyar da suka fito.

"Ka san su?" in ji Mamuda.

"A'a. Kai fa?"

"A'a."

Mai yiwuwa matafiya ne da suka ɓata hanya. Mai yiwuwa. Mamuda ya ƙara riƙe garma da kyau, ya yi wa shanun kira. Suka ƙarasa kunyar. A ta gaba ya ji ƙaras, ya sake jin ƙaras. Karkiya ta fara karya dawa. Ya tsayar da shanun ya duba. Abin da aka huɗe ya ɗan fi rabi, a gonarsa da ta Jaji duka. Saura sai da hannu, abin da hannu ya iya.

A gida bai ɓoye wa Kulsumu zancen babur ba. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, shi kuwa ya fi son da ta ce. Ta dai tambaye shi, "Yanzu fa?"

Ɗakin Inna yana nan, turken ma ba a cire ba. In ya mayar da Goje ciki, ya san abin da zai fito da shi baɗi. In ya bar shi a fili, ya san masu zuwa. Mahauta kuma yanzu ba kitsen da za su yaba, sai dai tsokar da aka sha wuya aka tara. Ya wuni yana kai da komo tsakanin ukun nan, bai ci tuwon rana ba. Da la'asar ya ce ta kira masa Muhtari.

Muhtari ya san wani mai amalanke a kasuwar hatsi ta Kaura, sunansa Atiku, wanda sansa ɗaya ya mutu. Yana ɗaukar buhuna daga kasuwa zuwa shaguna, cikin gari, ba ya fita daji. Zai riƙe Goje, ya ciyar da shi, ya yi aiki da shi, in damina ta kewayo mai shi ya zo ya ɗauka. Jaji ya ce shi nasa yana nan tare da shi, abin da Allah ya rubuta ya same su tare.

Ranar kasuwa suka bi ayarin masu tafiya, don yanzu ba mai bin hanyar nan shi kaɗai. Mamuda a ƙasa da igiya, Muhtari a babur yana bin su a hankali yana mitar man da yake ƙonawa. Sun huta a hanya ba sau ɗaya ba. Goje ya isa Kaura da ƙafafunsa, bai durƙusa ba.

Atiku matashi ne mai fara'a, ya shafa tozon ya yaba. Mamuda, wanda gaisuwa ma a taƙaice yake yin ta, ya buɗe baki. Kada a cika masa kaya a makon farko. Ba ya son a zo masa ta hagu. Ba a dukansa. Dusa a jiƙa ta, kada a ba shi busasshiya. Ranar da ba aiki, a fita da shi ko zuwa bakin titi ne. Kada a gajarta masa igiya.

"Na ji, Baba."

"Kuma shina son a yi mashi magana."

"Wace iri?"

"Kowace iri. Ba ya kai ta gaba."

Atiku ya yi dariya, ya ga dattijon ba dariya yake ba, ya daina. Ya miƙa hannu. Mamuda ya dubi igiyar, ya warware ta daga tafinsa, ya ba shi.

Aka haɗa Goje da abokin aikinsa, aka ɗora buhu kaɗan. Muhtari ya tayar da babur ya ce, "Hau, Yaya, in sauke ka tasha." Mamuda ya hau, amma ya dafa masa kafaɗa ya ce ya dakata. Suka tsaya a cikin hayaniyar masu awo da masu dako, har amalanken ya sha kwana bayan rumfunan masu gero. Sannan ya ce su tafi, kada yamma ta same shi a hanya.